Wasiƙa daga Stellenbosch

Assalamu alaikum, aminina.

Da fatan kana lafiya, da su Hajiya da iyali. Ka tambaye ni ko karatun noma a Afirka ta Kudu ya taɓa kai ni gonar da ba mu da irinta. To, an kai mu Kanonkop, a gindin dutsen Simonsberg, gidan da ya yi suna wajen jar giyar inabi. Kwantar da hankalinka, ban kai baki ba. Ido da hanci kawai na sa.

Inabin da suke taƙama da shi ana kiransa Pinotage. Wani malamin jami'ar nan, Abraham Perold, shi ya samar da irin a 1925 ta hanyar barbarar irin inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut. Akwai kurangar da aka dasa tun 1953, gajeru, ba a ɗora su a waya ba. 'Ya'yansu kaɗan ne, ƙanana, masu kaurin ɓawo. Manomin garinmu zai ce asara ce, su kuwa abin da suke nema ke nan, domin launi da baurin giyar a ɓawon suke.

A Fabrairu ake girbi, lokacin bazararsu. Ana zuba inabin cikin tankunan siminti marasa murfi ya tsimu. Da ya fara tashi sai ɓawon ya taso sama ya yi tauri, ma'aikata kuma su danna shi ƙasa da dogayen sanduna duk bayan awa biyu, dare da rana, har kwanaki. Ga injuna a duniya, amma sun ƙi sakin wannan wahalar, kuma ni dai ina ganin a nan sirrin yake. Daga nan sai gangunan katako na Faransa, masu cin lita 225, inda giyar za ta kwana fiye da shekara.

A kofi ja ce wur, har tana neman baƙi. Ƙamshinta na nunannun 'ya'yan itace ne da ɗan hayaƙin katako. Abokan karatuna sun ce sabuwarta tana da bauri, sai ta shekara da yawa a kwalba take laushi. Na tauna ɓawon inabin, baurinsa kamar na goro.

Ka gaida mutanen gida. Yaya aikin rani, an samu ruwa a fadamar bana?

Naka,
amininka