Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukuma: A Liƙa Mana Sakamakon Duba-gari A Ƙofar Gidajen Abinci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina cikin mutanen da suke fita tun da sassafe ba sa komawa gida sai rana ta faɗi, saboda haka abincina na rana a ƙananan gidajen abinci na unguwa yake. Ba ni kaɗai ba ne. Da direbobi da ɗalibai da teloli da ma'aikatan ofis da gwaurayen da ba su da mai ɗora musu tukunya, duk benci ɗaya muke zama. In yamma ta yi kuma shagunan kayan zaƙi su cika da yara, wannan na nuna kek ta cikin gilashi, wancan na kukan sai askirim. Mun san masu wuraren, mun san wanda hannunsa ke da albarka wajen zubi da wanda yake ƙanƙamewa. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da ke bayan labulen da ya raba wurin zama da wurin girki.

Watannin baya na saya wa 'yata kek mai kirim a wani shago da akwatin gilashinsa ke kallon rana. Ba a yi awa huɗu ba ta fara amai, muka kwana a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Da ta samu sauƙi na koma wurin mai shagon, ba da faɗa ba. Ya rantse mini da safiyar ranar aka haɗa kek ɗin, kuma na yarda da shi. Bawan Allah bai san cewa kirim da madara da ƙwai ba sa jiran kwana kafin su zama guba ba. Ya ce duk shekara ana zuwa karɓar kuɗin lasisi, amma ba a taɓa aiko wanda ya zaunar da shi ya gaya masa haka ba.

Ga shi kuwa ilimin bai fi a faɗe shi a tsaye ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin nan da abinci ke komawa bayan an sauke shi an bar shi a kula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga firji ƙasa da 5. Shinkafa ma da muke ganin ba ta da laifi tana da tata ƙwayar da tafasa ba ya kashe irinta. In shinkafar ta huce a hankali sai irin ya farfaɗo ya saki dafi, dafin kuma ɗumame ba ya karya shi. Haka ƙwayar da ke zaune a hanci da fatar mutum, mai shiga kirim ta hannun mai aiki. Taifot da ciwon hanta nau'in A kuwa daga ban-ɗaki suke tasowa, hannun da bai ga sabulu ba ya kai su faranti. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa duk shekara a duniya, 420,000 su rasu, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ranka ya daɗe, ba sumame nake roƙo ba. Mun ga sumame: a zo da mota a kwashe benci da tukwane, a garƙame ƙofa, bayan kwana biyu a buɗe, tukunyar tana nan yadda take, sai dai mai abinci ta ƙara bashi. Wadda aka kora daga shago kuma ba barin sana'a take yi ba, lungu take komawa inda ido ba ya kai wa.

Roƙona shi ne duk wurin da duba-gari ya shiga, a liƙa sakamakon a bakin ƙofa, inda mai shiga zai gani kafin ya zauna. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Gundumar Los Anjalis ta Amurka ta fara liƙa A ko B ko C a tagar gidajen abinci a 1998, Niyu Yok ta bi sahu a 2010. Toronto ta Kanada tun 2001 take amfani da kati kore ko rawaya ko ja, Danmak kuma a shekarar ta fito da hoton fuska, mai murmushi ko mai ɓata rai. Ni launi ko fuskar sun fi kwanta mini, don wanda bai yi karatu ba ma zai gane, har yaron da aka aika da kwano. Hikimar abin ita ce duba-gari sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, mai ciniki kuwa kullum yana ƙofa. Ranar da mai abinci ta ga layi ya koma wurin maƙwabciyarta mai koren kati, ba sai an yi mata wa'azin wanke hannu ba.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa wa kaina: katin zai zama haja, mai abin hannu ya sayi kore. Zai iya faruwa. Shi ya sa abin da ake dubawa ya kamata ya zama a rubuce kowa ya sani, kada ma'aikaci ɗaya ya dawwama a unguwa ɗaya har ya zama ɗan gida, a kuma sa ranar dubawa da lambar kai ƙara a jikin katin. A Niyu Yok wanda bai ci A a zuwan farko ba, ana ba shi lokaci ya gyara a sake dawowa kafin a liƙa masa maki. Wannan adalci ne, kuma yana rage dalilin miƙa wani abu ta ƙarƙashin tebur.

Sai dai akwai rabon da yake naku. Ba a cewa mace ta wanke hannu da faranti da ruwa mai gudana alhali famfo bai zo layinta ba, kwata ta toshe, bola kuma tana kwana a bayan shagonta. Bokiti ɗaya da faranti hamsin suka bi ta cikinsa, wanda ya hana ruwa yana da kaso a laifin. Singafo ta fahimci wannan. Daga shekarun 1970 ta gina wa masu abincin bakin titi rumfuna masu famfo da magudana da kwasar shara ta mayar da su ciki, sana'ar ba ta mutu ba, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2020. Ba na cewa a gina mana irin nasu gobe. Famfo ɗaya da mazubin shara a kowane layin masu abinci ma mafari ne.

Masu kayan zaƙi kuma abu biyu ya ishe su a yanzu: duk abin da ke da kirim ko madara ya zauna a sanyi, kuma a rubuta ranar da aka yi shi a jikin mazubi. Askirim ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi a zubar. Maganar yawan sukari, da hukumar lafiyar ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, wannan yaƙinmu ne mu iyaye, ba zan ɗora maka shi ba.

In ka samu sarari wata rana, ka bar jiniya da 'yan rakiya, ka shigo ɗaya daga cikin wuraren nan wajen ƙarfe 3 na yamma, lokacin da abincin safe ya gama hucewa. Kafin a zubo maka, ka ce za ka wanke hannu, ka bi yaron ka ga inda zai ɗebo ruwan.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin unguwa