Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da ƙaramar tarakta mai kaskon yankan ciyawa

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na fito da wannan wasiƙa bainar jama'a ne saboda takardu biyu da na kai ofishinku da hannuna har yau ba amsa, lambar sashen gyaranku kuma sai ta yi ta ringin har ta katse. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba tozarci ya kawo ni ba. Kun san kanku, kun kuma san taraktar da nake magana a kai, tun da sau uku ma'aikatanku suna kwanciya a ƙarƙashinta.

Sana'ata gyaran filaye ce a nan Kaduna. Ina riƙe da filayen ƙwallo na makarantu uku da harabar wani gidan baƙi. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, na tattara abin da na daɗe ina tarawa na sayi ƙaramar tarakta a wurinku, mai ƙarfin doki 25, da kaskon yankan ciyawa mai faɗin inci 60 wanda ake ratayewa a ƙarƙashin cikinta, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wuƙaƙe uku ne a cikin kaskon. Na zaɓi irin wannan ne a kan wanda ake ja a baya saboda direba yana ganin bakin kaskon daga inda yake zaune, yana iya bin gefen katanga da gindin bishiya ba tare da ya bar gemu ba. Kuɗinku na biya lakadan, har da na haɗawa da saiti, ga shi nan rubuce a rasit.

Tun yankan farko na ga alama. Filin ƙwallo tsawonsa wajen mita 105 ne, faɗinsa 68, kuma idan an yanke shi daidai, ka tsaya a bakin raga za ka gan shi lumui kamar shimfiɗa. Nawa kuwa sai ya fito hawa-hawa. Duk layin da taraktar ta bi, gefen hagu ya aske ƙwal har jar ƙasa tana leƙowa, gefen dama ya bar ciyawa tsaye. Da direbana ya ja libar ɗagawa, na tsuguna ina kallo: ɓangaren dama ya tashi nan take, na hagu ya yi jinkiri, sannan ya biyo baya a karkace kamar mai ɗingishi. Maɓallin da ake murɗawa a zaɓi tsayin yanka kuma da ya kai lamba uku sai ya cije, ya ƙi gaba.

Zuwan farko, ma'aikacinku ko tef bai ciro ba. Ya ce matsalar man haidirolik ce, wato man da ke ɗaga kaskon, ya juye wanda ke ciki, ya sa sabo da sabuwar filta, aka caje ni kuɗin mai a kan tarakta da ba ta cika awa 20 tana aiki ba. Zuwa na biyu aka ce direbana ne yake hawa suri da kaskon. Wannan magana ta yi mini ciwo, domin yaron nan kafin ya tayar da inji sai ya zagaye filin da ƙafa yana tsince duwatsu da gwangwanaye, kuma a gabansa aka faɗa, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Zuwa na uku aka ɗaure notin sandar da kaskon ke rataye da ita ta hagu har zare ya ƙare, aka kama maɓallin tsayi da filaya aka murɗa da ƙarfi har robarsa ta tsage, aka ce mini ya yi daidai.

Bayan kwana tara, muna tsakiyar yankan filin wata makarantar firamare, sai na ji wata ƙara kamar an buga tukunyar ƙarfe da ƙasa. Ɓangaren hagu na kaskon ya faɗi gaba ɗaya, wuƙa ta kafe a ƙasa ta watso tsakuwa, bel ya yi ƙauri. Allah Ya kiyaye, ranar Asabar ce, babu yara a filin. Ranka ya daɗe, bakin wuƙar irin wannan inji yana gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa. Tsakuwar da ta tashi a ranar ta fasa gilashin tagar wani aji da ke can nesa da mu. Ka ƙaddara ranar Talata ce lokacin tara.

Daga nan na daina jiranku. Na ɗauko littafin injin da kuka ba ni, na nemo wani dattijon bakanike da ya yi shekaru yana gyaran taraktoci, muka tura ta kan daɓen siminti na filin ƙwallon kwando, inda ƙasa take a miƙe. Muka kashe inji, muka cire makulli, muka daidaita iskar tayoyi huɗun, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da kasko. Sannan muka bi abin ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so injiniyoyinku su karanta wannan sashe da kyau.

Muka fara da zargin da kuka fara yi, wato haidirolik. A wannan tarakta kaskon ba shi da silindarsa ta kansa. Hannuwan baya, waɗanda ake rataya garma a kansu, su ne suke jan wata doguwar sanda da ta biyo gefen giya, ita kuma ta juya wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin taraktar, shi ne mai ɗauke da hannuwa biyu, hagu da dama, waɗanda kaskon ke rataye a jikinsu. Silinda ɗaya ce, ƙarfen da ke juyawa ɗaya ne. To ta yaya mai zai ɗaga dama ya bar hagu? Dattijon nan tun kafin ya taɓa sifana ya faɗi haka. Duk da haka muka gwada, don kada a ce mun yi gaggawa. Muka sauke kaskon, muka rataya garma a baya, muka ɗaga ta sama, muka kashe inji, muka yi alama da alli. Bayan awa guda ba ta sauka ko kaurin farce ba. Bawul ɗin da ke ƙarƙashin kujera, mai sarrafa saurin sauka, shi ma a buɗe yake yana aiki lafiya. Man da kuka juye ba shi da laifin komai.

Sai awo. Muka mayar da kaskon da sabuwar wuƙa a madadin wadda ta lanƙwashe, muka juya wuƙaƙen gefe suka kalli hagu da dama, muka auna daga bakin kowace zuwa siminti. Dama milimita 76, hagu 58. Bambancin milimita 18 ke nan, alhali littafinku ya ce kada ya wuce 3, kuma wannan bayan ma'aikacinku ya ɗaure notin har ƙarshe. Muka juya wuƙaƙen suka kalli gaba da baya. Ƙa'ida ita ce gaba ya ɗan fi baya sauka, da kamar milimita 3 zuwa 6, don wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya ta wuce. Nawa gaban ne ya fi tsayi da milimita 10. Shi ya sa ciyawar take shan yanka biyu, gaba ya sara baya ya sake sara, inji yana nishi, dizal yana tafiya, bakin ciyawar kuma yana fitowa a tattauna, bayan kwana biyu ya yi fari. Sandar gaba da ake saita wannan da ita, fentin da ke kan notinta ko ƙwarzane babu. Ba a taɓa sa mata sifana ba tun daga masana'anta. Saitin da na biya kuɗinsa ba a yi shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da muka kwance sandunan ratayen guda biyu muka jera su a kan buhu. Ko ba tef ido ya gani: ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan faɗin yatsu biyu. Na goge maiƙon da tsumma, sai ga lambar da aka buga a jikin kowace. Ta dama ta yi daidai da lambar da ke littafi, ta hagu kuwa lambarta daban. Sandar wani samfurin ce aka ɗaura mini. Duk ɗaurin da za a yi wa notinta ba zai gajarta ta yadda ake so ba, zaren zai ƙare kafin a kai. Ma'aikacinku ya ga zaren ya ƙare a hannunsa, bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba.

A saman wannan sandar kuma, inda ya kamata a sa fil mai santsi wanda ya cika ramin, a kulle shi da ƙaramar sakata, sai aka zura wani noti mai zare irin na kasuwa, siriri, yana lilo a cikin ramin. Kasko yana jijjiga duk lokacin da yake aiki, shaf ɗin tsakiya, wato ƙarfen da ke kawo ƙarfin inji ya juya wuƙaƙen, yana yin fiye da zagaye 2,000 a minti, ba kamar na baya mai 540 ba. Zaren notin nan ya zama zarto, ya yi ta cin ramin har ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Na sa ɗan yatsana a ciki na ji bakinsa da kaifi, garin ƙarfe ya maƙale mini a fata. Nan ne notin ya tsinke ranar Asabar ɗin. Guntayensa biyu suna wurina, na tsince su a cikin ciyawa.

Cijewar maɓallin tsayi ma mun gano ta. Maɓallin nan ba ya ɗaga komai, tokara ce kawai da ke tare kaskon idan ya sauko, kuma ba ya murɗuwa sai an ɗaga kaskon har ƙarshe nauyi ya bar kansa. Doguwar sandar da ke zuwa daga baya an bar ta da sako-sako, saboda haka ko an ja liba har ƙurya hannuwan ba sa kaiwa sama. Zagaye kaɗan na noti ne maganinsa, ba filaya ba. Ƙananan tayoyin gefen kasko na hagu kuma sun cinye tas a wata uku. Aikinsu shi ne su hana kasko aske tudu, littafi ya ce su zauna sama da ƙasa kaɗan, amma nawa su suka yi ta dakon rabin kaskon.

Wani zai ce me ya hana ni shiga Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta nan Kaduna, a yanke sandar a yi mata walda, a cike ramin a sake hudawa? Wallahi aikin yini ɗaya ne, kuma akwai masu hannun da za su yi shi da kyau. Takardar garantinku ce ta ɗaure ni, domin ta ce duk ƙarfen da aka yi wa walda ko aka sauya a wajen garejinku, garantin ya faɗi. Kun hana ni gyarawa, ku kuma ba ku gyara ba. Ga shi muna cikin Agusta, ruwa ba ya ɗagawa, ciyawar da aka yanka ranar Litinin kafin wata Litinin ta nemi a dawo. Na koma ɗaukar leburori da adda da ƙananan injinan turawa na haya, ina biya daga aljihuna don kada in saɓa alkawari. Duk da haka makaranta ɗaya ta riga ta ba wani aikinta, kuma ban ga laifin shugaban makarantar ba. Gilashin ajin nan ma ni na biya.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku kawo sandar hagu mai lambar da ke littafi, da fil na asali da sakatarsa. Hannun da raminsa ya buɗe a sauya shi sabo, domin sabon fil a tsohon rami zai sake lilo ne. A sauya maɓallin da aka tsaga, da bel, da ƙananan tayoyin hagu, a mayar mini da kuɗin wuƙar da na saya da na man da aka zubar ba dalili. Sannan a saita kaskon a gabana a kan siminti, a auna hagu da dama, gaba da baya, a rubuta lambobin a takarda mu sa hannu mu biyu. Ina kuma roƙon wanda ya ɗora wa direbana laifi ya dube shi ya janye maganarsa. Yaron marayan Allah ne, da wannan aiki yake riƙe da mahaifiyarsa, kuma tun ranar yake ɗari-ɗari da hawa taraktar.

Akwai wata alfarma da ba tawa ba ce ni kaɗai. Ranar da na zo saye na ga irin wannan tarakta guda huɗu jere a harabarku. Idan a wuri ɗaya aka haɗa su, hannu ɗaya ya ɗaura musu kasko, to akwai yiwuwar sandata ta hagu tana jikin ta wani, tasa kuma tana can wani wuri. Ku kira waɗanda suka saya ku duba musu, tun kafin kasko ya faɗi a inda yara suke wasa.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan shiru ya ci gaba, zan kai ƙorafina gaban FCCPC, hukumar tarayya da dokar 2018 ta ɗora wa kare haƙƙin masu saye, tare da rasit, da takardar garanti, da hotunan awon da muka yi. Ba haka na so ba, na fi son mu gama a tsakaninmu.

Taraktar tana ajiye a rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Sandunan biyu da guntayen notin suna cikin buhu a ofishina, ban wanke su ba, ban taɓa su da zarto ba. Kowace rana kuka zo za ku same ni daga ƙarfe takwas na safe, ban da Juma'a bayan sha biyu. Don Allah wanda za ku turo ya taho da tef.

Wassalam.

Naku,
Mai kwangilar gyaran filaye,
Kaduna