Wasiƙa zuwa ga aminina: motar da ta kunyata ni a hanya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun da na zo Ingila, to ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A makon jiya aka ba ni gwajin wata motar alfarma da aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda muka daɗe muna farfaɗo da ita a garejinmu. Da handul ake tayar da ita, birkinta kuma a ƙafafun baya kawai yake, saboda haka a gangara sai da na haɗa da addu'a. Lagireto ya fara tafasa a hawan farko, sitiyari yana wasa, muna gama hawan kuma inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na kwance kafireto a bakin titi, na goge filogi ɗaya bayan ɗaya, hannuna ya ƙage saboda sanyi, mai motar kuwa, wani dattijo, yana zaune yana kallona bai ce uffan ba. Sai da na gaji sannan ya miƙa hannu ya murɗa famfon mai. Ashe girgizar hanya ce ta rufe shi. Kada ka gaya wa Oga, domin har yau bai daina ba da labarin ranar da ka canza batir alhali tanki ne ya bushe ba.

Dattijon ya lallashe ni da cewa abin ya taɓa samun manya. A 1907 Claude Johnson, manajan kamfanin Rolls-Royce, ya fitar da motarsu ɗin nan da ake kira Silver Ghost gwajin mil 15,000, akasarinsa tsakanin Landan da Glasgow, kuma tsayawa ɗaya tak da ta yi ba da niyya ba, bayan mil 629, famfon mai ne ya rufe kansa. Da aka kwance ta bayan gwajin, kuɗin mayar da ita sabuwa bai wuce fam 2 da sule 2 da kwabo 7 ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1912, lokacin da motar Rolls-Royce ta wani direba mai suna James Radley ta kasa hawan dutsen Katschberg a Ostiriya sai da fasinjoji suka sauka, domin giya uku gare ta kuma ta farkon ba ta da ƙarfin jan irin wannan hawa. Kamfanin ya ƙara giya ta huɗu, ya koma a 1913 ya wanke kansa.

Tamu dai tana kan jak, kuma tafasar lagireton ce ta hana ni barci, domin na ɗaure fambel, na wanke hanyoyin ruwa, amma ba ta daina ba. Ina zargin wutar filogi tana makara. Kai da kunnenka ya fi nawa jin inji, me za ka fara dubawa?

Ka gaida Oga da yaran gareji.

Naka amini.