Kafin masu sola su fara tura wuta kan layi, a faɗa mana wa zai riƙe makunni

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla sa'a 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 duk mai ɗan hali sai ka ga ya jera fanel a kan kwanon gidansa, yanzu kuma ana ta zancen nan gaba mai sola zai riƙa tura rarar wutarsa kan layin kamfanin wuta a biya shi. Ina goyon baya sosai, amma ban ji mai maganar ranar da wutar za ta yi wa layin yawa ba.

A jihar Kudancin Ostireliya abin ya riga ya faru. Da azahar rana ta take, mutane sun tafi aiki babu mai shan wutar, dubban gidaje kuma suna ta turo tasu a lokaci guda, sai ƙarfin wutar ya haura a kan waya, su kuma manyan injinan da ke riƙe layin ya tsaya daidai ba a iya kashe su duka, in an kashe to ƙaramar matsala ma sai ta durƙusar da komai. Shi ya sa tun Satumban 2020 hukumomin jihar suka ce duk sabuwar sola sai an iya kashe ta daga nesa, a Maris ɗin 2021 kuma suka fara amfani da wannan iko.

Abin da ya burge ni ba su tsaya nan ba. Kamfanin SA Power Networks mai rarraba wuta a jihar ya ba mutane zaɓi, ko ka tura abin da bai wuce kilowat 1.5 ba a kowane lokaci, ko ka haɗa inbatarka, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta layi, da intanet ka tura har kilowat 10, in layi ya cika a rage maka, in ya sake a buɗe maka. Mutum ya san sharaɗin tun kafin ya zuba kuɗinsa.

Mu nan da taransifoma ɗaya ke ɗauke da unguwa guda, wallahi in aka buɗe ƙofar nan babu ƙa'ida kayan mutane ne za su ƙone. Ina roƙon NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta rubuta a fili wa ke da ikon rage wa mutum wutarsa, sa'a nawa a wata, kuma wa zai ɗauki asarar, a kuma fitar da shi da Hausa don masu haɗa sola su karanta.

Naku,
Wani mai haɗa sola, Kano