Wasiƙa ga Iyaye: 'Yan Sikawut Ɗinmu Za Su Shiga Gasar Rokar Ruwa

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yaranmu.

Da yawanku kun ga yara suna dawowa gida da riguna jiƙe sharkaf a 'yan makonnin nan, suna kuma tara gorunan lemo na roba. Dalili shi ne ƙananan 'yan sikawut ɗinmu na shirin gasar harba rokar ruwa ranar Asabar mai zuwa a filin wasan makaranta.

Rokar ba ta amfani da wuta ko fetur. Gora ce mai cin lita 2, a zuba mata ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a kifa ta, a cika sauran da iska da famfon keke. Da an ja igiya bakin ya buɗe, iskar da aka matse sai ta tunkuɗo ruwan ƙasa da ƙarfi, gorar kuma ta yi sama. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku da Isaac Newton ya rubuta a 1687: duk abin da ka tura, shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka. Da ita manyan rokokin sararin samaniya ke tashi.

Abin da ya fi faranta min rai a atisaye shi ne gardamar yawan ruwa. Wani rukuni suka cika gorarsu kusan baki, suna ganin ruwa mai yawa zai kai su nesa. Sai ta ɗan ɗaga da ƙyar ta faɗo, don ta yi nauyi, iskar ciki kuma ba ta samu wuri ba. Ba mu faɗa musu amsa ba. Suka rage ruwan, suka sake, suka rubuta a littafi, har suka gano da kansu. Haka suka koyi manna fikafikan kwali a miƙe da ɗora ɗan nauyi a hancin rokar don kada ta yi ta wulwulawa a sama.

Shi ya sa muke roƙonku, don Allah kada ku haɗa musu rokar a gida. Ku ba su gora da kwali da salatif, ku bar su da aikin, ko fiffiken ya karkace.

Game da tsaro: gorar lemo mai gas kaɗai muke karɓa, don ita aka yi ta jure matsi, kuma ba mai tsaga ko ƙarzuwa ba. Ba kwalba, ba ƙarfe a jiki. Malami ne ke bin awon famfo, yara kuma suna nesa da tabaran kariya.

Ku haɗo su da riga ta biyu da tawul. Ku ma muna gayyatarku, sai dai ku tsaya bayan igiyar da za a kewaye filin da ita.

Malamin 'yan sikawut,
a madadin hukumar makaranta