Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Muhawarar Ranar 21 Ga Maris

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

Bayan gaisuwa, muna sanar da ku cewa ɗaliban aji biyar da aji shida za su yi muhawara a ɗakin taro ranar 21 ga Maris da ƙarfe goma na safe. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta keɓe wannan rana tun 1966 don yaƙi da wariyar launin fata, saboda mutum 69 da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe a Sharpeville a 1960. Yara za su fafata kan tambaya ɗaya: takunkumin duniya ne ya karya gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu, ko jajircewar baƙaƙen fata na cikin gida?

Wasu iyaye sun tambaye ni me ya haɗa ɗan Katsina da wannan batu, kuma tambayar ba ta yi mini daɗi ba. A 1961 Abubakar Tafawa Balewa yana cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A 1977 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayar mata da makamai. A 1979 gwamnatin Obasanjo, wadda ɗan garin nan marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa yake na biyu a cikinta, ta karɓe kadarorin kamfanin man fetur na Ingila, BP, don jan kunnen Ingila kan Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) da Afirka ta Kudu. Ita ma Amurka, a 1986 majalisarta ta zartar da takunkumi duk da ƙin amincewar Shugaba Reagan. Abin da nake so yaranmu su gane shi ne yadda ƙyamar wariya ta tashi daga maganar baki ta zama ƙa'idar da ke sa gwamnati ta haƙura da kasuwarta.

Dole in yaba wa malamin tarihi, wanda yake zama da yara bayan la'asar yana zana taswirar kudancin Afirka da alli, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Sai dai wasunku na aiko ɗan acaɓa ya ɗauke yaro a tsakiyar atisaye. Kun san kanku, don Allah a daina.

Ragowar kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a kawo su kafin ƙarshen wata. Ranar muhawara kowane ɗalibi ya zo da cikakkun kayan makaranta, kuma an tanadar wa iyaye mata kujeru a sahun gaba.

Wassalam,
Shugaban Makaranta