Koken Jama'a Kan Masu Binciken Lafiya Da Ba Sa Dawo Mana Da Sakamako

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ja zamaninka, mu masu unguwanni da limamai da ungozomomi da iyaye mata na wannan ƙasa taka mun kawo kukanmu gare ka a kan baƙin da ke zuwa binciken lafiya a garinmu.

Duk ayarin da ya zo da takardar izini, Dagaci na sa a yi shela. Mata su bar surfe da talla su fito, a auna damtsen yara da zaren awon nan mai ja da ɗorawa da kore, a ɗebi jinin masu ciki, a tambaye su abin da suka ci jiya tun daga karin kumallo har tuwon dare. Bara wasu suka liƙa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a ɗakunan tsofaffinmu, suka ce tana rubuta zafin ɗaki da sanyinsa. Tun hunturu take nan har bazara, sannan suka zo suka cire. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Ni da aka ɗora wa rubuta wannan takarda, a ɗakin mahaifiyata aka liƙa ɗaya. Kullum da safe sai Inna ta share mata ƙura da gefen mayafinta, ta hana jikoki taɓawa, don an ce mata amana ce. Har yau in na shiga gaishe ta takan tambaye ni, “Me abin nan ya ce game da ɗakina?” Ba ni da amsar da zan ba ta.

Ranka ya daɗe, ba ƙin bincike muke yi ba, mun ga ranarsa. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ke zuwa da kumburin ƙafa da haki. Suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Daga baya binciken da aka yi a Kano ya ƙara nuna hannun rama da ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin mai jego. Wannan ilmi ya shekara da shekaru a mujallun likitoci, amma ungozomar da ke tsaye a kan mai jego kwana arba'in ba wanda ya zauna da ita ya warware mata da Hausa. In mace ta fara haki, har yanzu a wasu gidajen cewa ake yi sanyi ya shige ta, sai a ƙara wa ruwan wanka wuta.

Haka zancen jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da awon jininta ya gaza giram 11 tana da ƙarancin jini, ta kuma ba da shawarar zuwa awon ciki aƙalla sau takwas. To wadda aka ɗebi jininta aka ga ya gaza, ina laifin a gaya mata a ranar, a rubuta mata takardar zuwa asibiti? Yaron da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba tamowa ce mai tsanani, bai kamata ya zama lamba a littafin wani ya koma gida haka ba.

Maganar tsofaffi ita ta fi damun mu, domin ba mai yin ta. A 2018 hukumar ta ce a lokacin sanyi kada ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18, tsoho ma yakan buƙaci fiye da haka. Daren hunturu a nan yakan yi ƙasa da wannan. Abin da tsofaffinmu suka sani shi ne su ja kaskon garwashi cikin ɗaki, su toshe taga da tsumma, su rufe ƙofa, alhali gawayi na fitar da iskar guba marar wari da kan kashe mutum yana barci. Da bazara kuma ɗakin kwano marar silin tanderu ne. Mun ji abin da ya faru a Mali a watan Afrilun 2024, inda zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara sittin. Masu na'urar nan sun san ko soron ƙasa ne ya fi wa tsoho ko kwano. Mu da ke gini da gumin goshinmu ba mu sani ba.

Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kowa kuma ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Yanzu mata sun fara cewa, “Jininmu kawai suke so.” Muna tsoron ranar da za a zo da abin alheri a rasa mai buɗe ƙofa.

Don haka muke roƙo, ranka ya daɗe, kada a sake yi wa wani ayari shela sai ya nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ya kuma yi alkawari a rubuce a gabanka na ranar da zai dawo da sakamako, da Hausa, a ƙofar fada, da zama na daban domin mata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta neman yardar mutum a rubuce bayan an yi masa bayani, saboda haka a riƙa karanta wa kowa takardar kafin ya dangwala. Duk wanda aka samu da larura a yayin awo, a haɗa shi da asibiti nan take.

Na ƙarshe, muna roƙon ofishinka ya rubuta wa waɗanda suka cire na'urorin bara, adireshinsu na kan takardar izinin da ke hannun Dagaci, su zo su gaya wa tsofaffinmu abin da suka gani kafin hunturun bana ya kankama.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne masu biyayya,
Masu unguwanni, limamai, ungozomomi da iyaye mata, a madadin jama'ar gari.